Ranar da Na Bi Shi Neman Macizai

Har yanzu hannuna bai gama dawowa nawa ba. Ɗazu na zo zuba shayi, rabinsa a faranti ya ƙare. In zan sauka daga gado kuwa sai na fara leƙa ƙasa, alhali a saman bene muke, a Wakra, kusa da Doha a ƙasar Katar, ɗakin tayil ne fari fes wanda ko kiyashi ya ratsa sai an gan shi. Ni na san babu komai. Jikina ne bai sani ba tukuna. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin daga farko, ko zai fita daga ƙafafuna.

Mijina mutum ne mai son macizai. Na daɗe ina neman yadda zan faɗi wannan ba tare da an yi min wani irin kallo ba, ban samu ba. Ba gardi ba ne, bai sha magani ba, ba ya rataya su a wuya. A kamfanin gas yake aiki, ya fita da sassafe ya dawo yana warin ƙarfe. Amma ranar Juma'a, da an idar da sallar asuba, sai ya ɗauki kyamara da wata sanda mai lanƙwasa a baki ya nufi bayan gari. Ya nemo su, ya durƙusa ya kalle su, ya ɗauki hoto, ya bar su inda ya same su, ya dawo ya yi wanka ya tafi masallaci. Ba ya kashewa, ba ya kawowa gida. Macizai, damo, kulɓa, tsaka, duk wani abu mai jan ciki.

Ya gaya min tun kafin aure, a waya. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin ta samari. A garinmu, can gindin duwatsu, maciji ba abin kallo ba ne. In aka ce ga shi, mata su kwashe yara, maza su nemi sanda. Da magariba ta yi ko sunansa ba a kira, sai dai a ce igiya. Na san gidajen da aka fita gona da safe lafiya lau aka dawo da mutum a amalanke. Ni kuma ko a cikin matsorata ina sahun gaba. Farkon zuwana Doha wata 'yar tsaka ta fito a kicin, na hau kujera ban sauko ba har ya dawo daga aiki. Ya kife ta da kofi, ya zura takarda a ƙasa, ya sauka da ita bene yana ce mata, "Yi haƙuri, matar gidan ba ta karɓar baƙi."

Amarya yake ce min, ko da yake lallen ya daɗe da gogewa. Ni kuma Malam nake ce masa.

Bai taɓa matsa min in bi shi ba. Sai dai da yamma, in mun ci abinci, yakan nuna min bidiyon Turawa suna yawo a wani irin daji na dogayen bishiyoyi masu ganye sirara kamar tsinken tsintsiya, suna ɗaga ruɓaɓɓun itatuwa suna leƙa ƙarƙashi. Sai ya ce, "Mu ma muna da namu dajin." Wata gona ce kudu da mu, a bakin yashi, inda mai gonar ya shuka irin bishiyoyin nan layi-layi don su tare masa iska. "In iska ta shiga cikinsu, Amarya, sai ki rantse ruwan sama ne ke tahowa." Wannan maganar ce kaɗai take taɓa ni, don na yi kewar ƙarar ruwa a kan kwano. Amma sai in ce, "Wata rana."

Sai wata ya zo ya wuce ban ga abin da na saba gani ba. Wani ya kama, shiru. Turarensa da nake so ya fara tayar min da zuciya, man suya ma haka. Na yi sakandare, na san abin da hakan ke nufi. Na sauka kemis ɗin da ke ƙasan gidanmu na sayi abin gwaji, matar da ke wurin ko ɗago kai ba ta yi ba. Da na ga abin da ya nuna, na ƙunshe shi a leda na sauka har titi na jefa a bola, na dawo na zauna a bakin gado ina kallon bango.

A wajenmu ba amarya ce take faɗa ba. Cikin fari ba a buɗe baki a kansa. Akwai masu wannan aikin. Goggo za ta shigo da sunan wucewa ta yi, ta kalli wuyanki, ta kalli yadda kika ture kwanon miya, ta yi 'yar dariyarta ta tafi. Magana ta bi bakin manya ta isa wajen uwar miji, daga can ta gangaro kan mijin, shi ma ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Kafin ki ankara an fara aiko miki da kunun tsamiya, an hana ki ɗaukar bokiti. Ke dai naki kunya, kuma kowa ya san hakan.

Nan kuwa babu goggo. Maƙwabtanmu na dama Indiyawa ne, na hagu Misirawa. Matan Hausawan da na sani suna can unguwar Aziziya, sai da salla ko suna muke haɗuwa, ba wadda na saba da ita har ta kalli wuyana. Mahaifiyata kuwa, in mutu ya fi min sauƙi da in furta mata. Na kira yayata ta bidiyo, na riƙa matso da wayar kusa da wuyana ko za ta lura, sai ta ce, "Ke, matsar da wayar nan, haɓarki kawai nake gani."

Na gwada gaya masa da kaina. Wata yamma a Kornish, muna zaune muna fuskantar teku, na tattara duk ƙarfina na ce, "Malam."

"Na'am."

Ya juyo ya dube ni. Da na ga idonsa sai maganar ta koma ciki.

"Jiragen ruwan can, da katako ake yin su?"

Ya gyara zama ya yi min bayanin katako har aka kira magariba.

Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin tsoro nake ji. Duk ɗan ciwon da ya motsa a marata sai in ce shi ke nan. Ban san abin da zan ci ba, ban san abin da zan bari ba. Ba zan iya zuwa asibiti ba tare da shi ba, shi kuma ba zai kai ni ba sai ya sani. Ina kwana kusa da mutum mai kirki, ina ɗauke da abin da yake nasa, na kasa miƙa masa.

Sai na tuna ya taɓa cewa a daji ba a jerawa, ɗaya gaba ɗaya baya ake tafiya. Na ce a raina, to, idonsa ne ke hana ni. In ina bayansa, sai in gaya wa ƙeyarsa.

"Juma'ar nan zan bi ka," na ce.

Ya ajiye cokali. "Wa? Ke? Ko dai wata ce aka canza min?"

Washegari ya dawo da takalma sau-ciki masu tsawo har ƙwauri, ya ce babu mai shiga dajinsa da yatsu a waje. Na buɗe kwalin, warin sabuwar roba ya doke ni, da ƙyar na kai banɗaki. Don haka ranar Juma'a na sa silifas ɗina, na saki abaya ta rufe su, na ɗaure takalman a leda biyu na ce a can zan sa. Da muka isa ya shagala da gaisuwa, ni kuma na bar su a mota.

Da sanyi ranar, irin sanyin ƙarshen hunturu na nan, mai shiga hanci. Mai gadin gonar wani dattijo ne Bakatsine, da farin gemu da jibgegiyar rigar sanyi a kan kayan aiki. Mijina Baba yake ce masa. Shi ne ya roƙa masa izini wajen kafil ɗinsa, wato mai gonar da ya ɗauke shi aiki, tun da daɗewa.

"A'a! Yau har da uwargida?" ya ce yana buɗe ƙofa. "'Yata, ke ma ya shafa miki ciwon nasa?"

Na durƙusa na gaishe shi. "Rakiya kawai na yi, Baba."

"Haka ake farawa. Ni da na zo ƙasar nan gudun maciji nake, yanzu in na ga sawunsa sai in ɗauki waya in kira wannan mahaukacin."

Ya zuba mana karak, shayin nan mai kauri da madara da kayan ƙamshi. Na karɓa da hannu biyu, na kawar da fuska, na riƙe kofin har ya huce, na ajiye a gindin benci. Baba ya kalli kofin.

"Yalla, mu je," in ji mijina. "Doka ɗaya ce, Amarya. Inda na ɗaga ƙafa, nan za ki ajiye taki. Kada ki ratse ko da taki ɗaya."

Bishiyoyin sun fi yadda ya faɗa. Dogaye, a jere, ganyensu ya zube ya yi shimfiɗa mai laushi ruwan ƙasa, da wasu 'yan ƙananan 'ya'ya masu ƙaya-ƙaya warwatse a kai. Daga bayan layin ƙarshe yashi ne zalla har iya ganin ido, kuma iska ta turo shi ya shigo tsakanin bishiyoyin ya kwanta. Da iskar ta taso na tsaya cak na ɗaga kai. Wallahi ruwa ne. Ruwan da ke tahowa daga gabas, kafin ya iso kan rufi. Sama kuwa fes, ko gajimare babu.

"Na gaya miki," ya ce, bai juyo ba.

Ban taɓa ganinsa haka ba. A gida mutum ne mai sauri, mai zubar da abu, mai neman makulli alhali yana hannunsa. A nan kuwa tafiya yake kamar wanda ya shiga ɗakin da jariri ke barci. Ya nuna min rubutun da dare ya bari a kan yashi: ɗige-ɗigen ƙwaro, tsallen ɓeran daji, wani layi siriri da ƙananan sawu a gefe da gefe, ya ce wutsiyar ƙadangare ce. Ya sa sandarsa ya ɗaga wani tsohon katako, koyaushe ta ɓangaren da ba ya fuskantarmu, sai ga kulɓa tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Kafin in buɗe baki in yi ihu ta nutse cikin yashi kamar kifi a ruwa. Ihun ya koma dariya a maƙogwarona.

Can gaba ya tsaya ya ɗaga hannu. Wani damo ne a bakin raminsa, ƙato, ya baje yana shan hantsi, fuskarsa a murtuke kamar tsohon da aka hana goro.

"Wannan abokina ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba ya son a gaishe shi kafin ya ɗumama."

Na kalli ƙeyarsa. Ga ta nan daidai idona, da wani ɗan tabo da ban taɓa lura da shi ba. Na ce yanzu ne. Na buɗe baki.

Sai zuciyata ta taso.

Ba maganar ba, amai. Ya taho min gaba ɗaya, har bakina ya cika da yawu. Shi kuma ya durƙusa, ya kafa ido a kyamara, ya manta da duniya. Abin da ya zo min a rai ɗaya ne: kada ya gani. In ya gani zai tambaya, in ya tambaya zai dube ni. Na juya a hankali, na bar sawunsa, na ratsa layi ɗaya, na ratsa na biyu, na zagaya bayan wata bishiya mai kauri inda yashi ya taru, na dafa ta na sunkuya.

Da na gama, na share bakina da gefen mayafi, idona na ƙasa. A nan na ga yashin yana da ido.

Idanu biyu, da wasu 'yan ƙahoni biyu a samansu kamar ƙaya. Sauran jikin a binne, sai dai zanensa da ya fito a kan yashin, a naɗe, kamar gammo. Tsakaninsa da babban yatsana bai kai tsawon tafin hannu ba. Abayata ta ɗage da na sunkuya, ƙafata tana waje, da silifas ɗin roba da ragowar jan farce.

Na san ta a hotunansa. Kububuwa mai ƙaho.

Na sha tunanin abin da zan yi in na gamu da maciji, kuma kullum gudu ne. Ƙafafuna ma sun fara. Sai na ji muryar kakata, wadda ta rasu tun ina aji biyu, sarai kamar tana tsaye a bayana tana tsinkar zogale. Ta taɓa gaya wa wata matar kawuna, ni ina gefe ina wasa, cewa maciji ba ya saran mace mai juna biyu. Ta ce in ya gan ta jikinsa mutuwa yake, ya kwanta ya kasa motsi har ta wuce. Ban taɓa tuna maganar ba sai a wannan lokacin.

Kuma ga ta a kwance. Ba ta motsa ba.

Wani irin sanyi ya sauko min. Na miƙe a hankali na tsaya. Na dube ta, ita ma tana dubana. Abin da na ji, ko da kunya zan faɗa: daɗi na ji. Duk tsawon makonnin nan ba wanda ya kalle ni ya gane. Yau ga wata halitta ta kalle ni ta gane. Har na ɗora hannu a cikina, abin da ban taɓa yi a waje ba.

"Amarya?"

Muryarsa daga nesa. Sai takunsa, yana bin sawuna. Sai takun ya tsaya.

"Kada ki motsa." Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, siririya, a bushe. "Ko yatsa. Kina ji na? Yauwa. Haka. Yarinyar kirki."

Ya zagayo ta gefena a hankali, a hankali, har na ji numfashinsa. Bai taɓa ta da sanda ba. Ƙafarsa ya ɗaga, da ƙaton takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki, ya sauke ta tsakanin yatsuna da ƙahonin nan.

"Riƙe rigata. Ja ƙafar dama baya. Kada ki ɗaga, ja. Yanzu ta hagu."

Muka ja da baya tare kamar masu koyon rawa. Sai da muka yi nisa sannan yashin ya fashe, ta fito gaba ɗayanta, tana goga jikinta da jikinta, wani sauti na fita kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Ta tafi a karkace, tana jefa kanta gefe-gefe, ta shige yashi. Kyamara na rataye a wuyansa, ko taɓa ta bai yi ba.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ga silifas. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rufe. Ya durƙusa ya kama ƙafata ya juya ta, ya duba tsakanin yatsu, ya duba ɗayar.

"Ba ta taɓa ni ba," na ce.

"Na gani." Ya yi wata dariya da ba ta da ƙarfi. "Ke ce kuwa? Ke da tsaka ta ɗora a kujera? Da kin zabura da yanzu wani zancen ake. Me ya tsayar da ke?"

Yana durƙushe, kansa a ƙasa, idonsa a kan ƙafata. Ƙeyarsa kawai nake gani.

"Kaka ta ce ba ya saran irinmu."

"Irinku su wa? Mutanen garinku? Ai garinku ya fi ko'ina..."

"A'a. Ta ce in ya ga macen da ba ita kaɗai ba ce, jikinsa mutuwa yake."

Hannunsa ya tsaya a kan idon sawuna. Iska ta sake shiga bishiyoyin, ruwan ƙaryar nan ya taho ya wuce. Bai ɗago ba, kuma na gode masa da bai ɗago ba. Sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa, shi da ba ya zama ko'ina sai ya bincika wurin da sanda.

"Alhamdulillahi," ya ce wa yashi. Ya sake faɗa. Sannan, "Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ke kaɗai?"

Na gyaɗa kai, ko da yake ba ya kallona.

"Ranar jiragen katako," ya ce.

"Har da ita."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba dariya ce ko ɗayan, ina jin duka biyun ne.

Da na bar maganar a nan da na dawo gida da daɗina. Amma akwai abin da na gani a fuskarsa lokacin da na ambaci Kaka, wani abu da ya gifta ya ɓuya.

"Malam. Maganar Kaka. Gaskiya ce ko?"

Ya tsinci ɗaya daga 'ya'yan bishiyar yana juyawa a hannu.

"Allah ya jiƙan Kaka," ya ce. "Yau ta yi mana rana, don ita ta tsayar da ke."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Da zan bar ki da ita, wallahi. Amma ina tsoron wata rana ki sake jingina da ita." Ya ja numfashi. "Haka take kwanciya a gaban kowa, Amarya. A gaban ɓera ma haka take yi, har ya matso. Ga kuma sanyi, jikinta bai saki ba. Ba ta san komai a kanki ba."

Nan ne tsoron ya iso. Ya makara, amma ya zo da kayansa duka. Ya fara daga yatsan nan, ya hau gwiwa, haƙorana suka shiga haɗuwa. Na tuna yadda na tsaya ina mata murmushi. Na tuna hannuna a cikina, ina nuna mata. Ba ni kaɗai na kai gabanta ba. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, ya tare ni kafin in kai ƙasa, ya riƙe ni yana karanta min duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa.

Da rawar ta ɗan lafa ya kwance takalmansa. Ya cire min silifas, ya zura ƙafafuna a ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ja igiyar ya ɗaure tam. Da ɗumin ƙafarsa a ciki.

"Kai fa?"

"Ni na san inda zan taka."

"Malam, wallahi ba za ka..."

"Khalas, magana ta ƙare. Riƙe rigata."

Haka muka fito, shi a gaba da safa, silifas ɗina a hannu ɗaya, sanda a ɗaya yana share hanya, ni a baya ina jan takalma kamar an ɗaura min bulo.

Baba na hango mu ya fashe da dariya. "La ilaha illallahu! Sabon yayi ne a Doha ban ji ba? Kai, ɗan nan, daga zuwa ɗaya har ta ƙwace maka kujera?"

Da muka matso ya ga fuskata, dariyar ta ɗauke. Mijina ya ce masa, "Mai ƙahon ce, Baba, a layi na bayan can. Allah ya tsare." Bai ƙara komai a kai ba. Baba ya yi salati, ya jawo benci ya ce in zauna. Ya shige cikin gonar da saurin da ban zaci yana da shi ba, ya dawo da lemon tsami cike da hularsa. Ya yanka ɗaya da 'yar wuƙarsa ya miƙo min.

"Shinshina. Kada ki sha da yawa, cikinki babu komai."

Ya raka mu har mota, ya juye sauran lemon a cinyata ta taga. Sannan ya kawar da kai, ya kalli can wajen bishiyoyi kamar da su yake magana.

"Allah ya raba lafiya, 'yata. Allah ya sa mai albarka ne."

Wannan addu'ar na sha jin ana yi wa wasu matan a tsakar gidanmu, a bakin rijiya, a gidan suna. Ban taɓa tunanin a bakin wani dattijo mai kayan gadi zan fara jin tawa ba, a ƙasar da ba tamu ba. Na kasa cewa amin. Na ja mayafi na rufe fuska, kukan da na tara tun ranar kemis ya ɓalle. Mijina ne ya amsa mana.

Likita ta duba ni bayan kwana biyu, ta ce komai lafiya, rawar hannun ma za ta bari da kanta. Mijina ya gaya wa yayarsa, ita ta gaya wa goggo, goggo ta ari waya ta kira ta wanke ni tas, sannan ta jero min abin da zan ci da wanda zan bari. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, a hanyar dawowa, tuƙi yake kamar ya ɗauko tiren ƙwai. Manyan motoci na ta danna mana hon suna wucewa. Da safa yake taka totur, don na ƙi cire takalman, shi ma bai tambaya ba. Mun yi nisa. Can ya yi gyaran murya.

"Akwai abin da kike sha'awar ci? An ce ana yi."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Na yi tunani. "Ba za a samu a nan ba."

"Faɗi. Ko a Kano yake akwai wanda zai zo da shi."

"Magarya."

Ya dube ni, ya fashe da dariya har motar ta yi ɗan lilo. "Magarya? Amarya, duk ƙasar nan ba bishiyar da suke ji da ita kamar magarya. Kuma lokacinta ne."

Kafin mu shiga Wakra ya sauka daga titi ya tsaya kusa da wata magarya, ita kaɗai a fili, ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuya. Na kai hannu zan buɗe ƙofa, ya ce ko kusa. Ya fita da sandarsa, ya zagaya gindin yana bincike, ya sake zagayawa, sannan ya shiga tsinka, ƙaya na kama masa riga yana tsalle-tsalle da safa. Ya dawo ya zuba min a tafin hannu. Manya ne, sun fi na gida, wasu kore wasu sun fara ja.

Hannuna na rawa, rabinsu suka zube ƙasan mota. Ya sunkuya yana tsince su ɗaya-ɗaya, yana goge kowace a rigarsa kafin ya miƙo min, ni kuma ina ci.